WA ZAI KARRAMA MALAMIN DA YA ZAUNA YA KOYAR?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da sassafe zai ga ɗalibai iri biyu. Wasu suna fita daga birni rungume da takardu, suna neman motar Kongo ko ta Samaru. Wasu kuwa suna shiga ne, da littattafai a gafaka, sun nufi zaurukan malamai a Unguwar Juma ko Kona. Dukkansu ilimi suke nema. Amma in aka tambayi na zaure wa ya karantar da shi, nan take zai ambaci malaminsa da malamin malaminsa, ya bi su da addu'a. In aka tambayi na jami'a kuwa, sau da yawa sai ya faɗi sunan kwas da makin da ya ci.

Ba laifin ɗalibin ba ne. Tsarin da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, aka kuma ƙara lalata shi bayan tafiyarsu, ba ya auna malami da karantarwa. Malamin jami'a yana hawa daga mataki zuwa mataki har ya zama Farfesa ne ta yawan maƙalun da ya buga a mujallu. Babu mai musun amfanin bincike. To amma ina matsayin wanda ya tsaya gaban ɗalibai ɗaruruwa a ɗakin da babu lasifika, ya kwana yana gyaran kundin ɗalibi da jan biro, ya lura da yaron da ya daina zuwa aji ya aika a nemo shi? Wannan ba shi da gurbi a takardar ƙarin girma. Shi da mai tilasta wa ɗalibai sayen handawut, da mai riƙe kundin ɗalibi shekaru ba tare da ya buɗe ba, duk kuɗin goro ake yi musu.

Magabata ba haka suka yi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Shehu Usmanu kuwa, duk da ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a wata mas'ala, bai gushe ba yana bayyana falalarsa a kansa. A wannan tsari ɗalibi shi ne shaidar malami, kuma ijaza ba ta da daraja sai da sunan wanda ya bayar da ita.

Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta ga irin waɗannan malamai. Farfesa Abdullahi Smith Bature ne ɗan Ingila da ya musulunta. Shi ya kafa sashen Tarihi na jami'ar, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A lokacin da ake koyar da tarihin ƙasar nan daga rahotannin Razdan da Di'o, shi ya juya fuskar ɗalibansa zuwa rubuce-rubucen malaman jihadi na Larabci, ya ce a karanta abin da mutanen suka faɗa da bakinsu. Bai bar tarin manyan littattafai ba. Sai bayan rasuwarsa a 1984 aka tattara wasu maƙalunsa aka buga a 1987. Abin da ya bari shi ne mutane. A hannunsa Murray Last ya yi bincikensa kan Daular Sakkwato tun suna Ibadan, a hannunsa kuma Yusufu Bala Usman ya yi nasa kan tarihin Katsina.

Shi Bala Usman, ba boyayyen abu ba ne cewa masu gwagwarmayar Musulunci sun sha bamban da shi a fahimta, musamman kan matsayin addini a siyasa. Amma adalci wajibi ne ko ga wanda aka saɓa da shi. Mutumin ya shafe fiye da shekara 30 yana karantarwa a Samaru, ya hori ɗalibai su tuhumi kowace hujja kafin su karɓa, ya kuma rasu a 2005 ana kiransa Dakta, ba Farfesa ba. Har yau ɗalibansa suna cike da jami'o'in ƙasar nan.

To da me hukuma ta saka wa irin waɗannan? Bayan da 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Samaru a watan Mayun 1986, gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin Abisoye, daga nan aka fara jin zargin nan na cewa wai wasu malamai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka kama Dakta Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa, aka tasa ƙeyarsa zuwa Ingila. A 1989 aka kori Bala Usman, sai kotu ce ta mayar da shi. Ashe malamin da ɗalibai suke cika ɗakinsa abin tsoro ne ga azzalumi, ba abin karramawa ba.

Zuwan farar hula bai sauya zane ba. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka kuma riƙe albashin malamai da sunan ba aiki ba biya, sai a 2024 aka saki wani sashe. Alhali kuwa a bukukuwan yaye ɗalibai a faɗin ƙasar nan, rigar digirin girmamawa ta daɗe tana sauka a wuyan masu mulki da masu kuɗi. Abin ya yi muni har shugabannin jami'o'i da kansu suka taru a Keffi a 2012 suka yi matsaya cewa a daina bai wa masu riƙe da muƙami. In har sai an yi taro kafin a hana, kowa ya san inda aka kai.

Wannan jarida ba ta kira a ƙirƙiro wata lambar yabo da za a raba a otal, shugaban sashe ya miƙa wa abokinsa. Wannan ma wata kasuwa za ta zama. Abin da take kira a kai shi ne a mayar da shaida hannun masu ita. A tambayi ɗaliban da suka riga suka gama, waɗanda babu sauran maki da ake riƙe musu, wane malami ne ya zauna ya koyar da su, wane ne ya karanta kundinsu shafi-shafi. A sa amsarsu ta yi nauyi a ƙarin girma kamar yadda maƙala take yi. Wanda kuma aka yi ittifaƙi a kan cin amanarsa, musamman ga 'yan'uwa mata, a raba shi da aji.

Kafin Majalisar Jami'a ta motsa, 'yan'uwa ɗalibai da ƙungiyoyinsu na Samaru da Kongo ba sa bukatar izinin kowa. Akwai tsofaffin malamai da suka yi ritaya suna zaune a cikin birni da Tudun Wada da Hanwa, wasu suna fama da jinya, fansho bai isa magani ba. Ana iya tattara sunayensu, a raba unguwanni, a fara ziyara daga wannan hutun, a rubuta abin da kowanne ya karantar da waɗanda suka fito daga hannunsa tun yana da ran da zai gyara kuskuren da aka yi.