Daga "Alima" Zuwa "Almée": Hannunka Mai Sanda Ga Masu Fassara

Sunan da kowace al'umma ta laƙaba wa mai rawar tuɓe tufafi a gaban 'yan kallo yakan nuna irin kallon da take yi wa sana'ar. A Ingilishi, "stripper" ta samo asali daga aikatau mai nufin tuɓewa, shi ya sa kalmar take kuma nufin sinadarin kankare fenti. Faransanci ya sakaya da "effeuilleuse", wadda asalinta ma'aikaciyar gona ce mai tsinke ganye. A 1940, marubucin Amurka H. L. Mencken ya ƙirƙiro "ecdysiast" daga kalmar Girkanci da ake amfani da ita ga saɓar maciji, domin samar wa masu sana'ar suna mai ɗan mutunci.

Sai dai misalin da ya fi dacewa manazarta Hausa su lura da shi daga Masar ya fito. A can, "alima" mawaƙiya ce mai ilimin waƙa, wadda ke yi wa matan manyan gidaje wasa, maza kuwa sai dai su saurara daga bayan labule. Tushenta ɗaya da "ilimi" da "malama". Matafiyan Turai suka haɗa ta da 'yan rawar titi da ake kira "gawazi", kuskuren da Edward Lane ya nuna tun 1836. A 1850 Flaubert ya kalli rawar tuɓe kaya da Kuchuk Hanem ta yi a garin Isna, ya kuma rubuta labarinta. Sannu a hankali "almée" ta zauna a Faransanci da ma'anar 'yar rawar Gabas mai jan hankalin maza. Ilimin ya ɓace, jiki ya rage.

Irin wannan haɗari yana jiran mai fassara zuwa Hausa. Idan ya ce "karuwa", ya yanke hukuncin da kalmar asali ba ta yanke ba. Idan ya ce "'yar rawa", ya shafa wa zabiya da 'yar koroso kashin kaji, alhali mata masu fasaha sun daɗe suna fama da irin wannan zargi. Abin da ya fi shi ne siffantawa: "mai rawar tuɓe tufafi". Tana da tsawo, amma ba ta ɓata sunan kowa ba. Aikin ƙamus bayyana ma'ana. Hukunci kuwa na mai karatu ne.