Littafin da ka saya a waya, naka ne ko aro aka ba ka?

Kafin ɗalibi ya cire kuɗi ya sayi littafi a intanet, akwai tambayar da ya kamata ya yi: fayil za a ba ni in ajiye a wayata, ko izinin karantawa kawai ake sayar mini? Yawancinmu ba ma yin ta. Ni a ganina ta fi tambayar farashi muhimmanci, musamman ga wanda idan an yi hutu Rara zai nufa, ko Wurno, ko Goronyo.

Waɗanda suka riga mu ɗanɗana wannan matsala su ne masu wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai san shi ba, ya ɗauka tatsuniya ce ake yi da taron dangi. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta nuna an yi nasara ko an sha ƙasa. Ba allo kamar dara, ba kati kamar whot. Jarin wasan duka littafin dokoki ne, kuma manyan guda uku ne, kowanne na takarda kusan dala 50. Ka lissafa da naira, ka ɗora kuɗin kawowa Sakkwato, za ka gane dalilin da ya sa duk mai sha'awa a nan sai dai ya nemi na waya.

To, na wayar ma iri biyu ne. A shafin D&D Beyond, wanda kamfanin Hasbro ya saye a 2022 kan dala miliyan 146.3, littafin kusan dala 30 ne, amma ba PDF za a ba ka ba. A asusunka yake zaune, a shafinsu ko manhajarsu kake karantawa. Gaskiya manhajar tana bari ka sauke ka karanta ba data, kuma neman doka a cikinta ya fi buɗe shafuka sauri. Sai dai ba ka iya kwashe shi zuwa memori, ba ka iya ba ƙaninka gado, ba ka iya sayarwa ran da aljihu ya bushe. A DriveThruRPG kuwa PDF ake ba ka, sau da yawa da sunanka a ƙasan kowane shafi. Wannan ya shiga hannu.

Wani zai ce ai babban kamfani ba ya gudu. Ba sai ya gudu ba, canza shawara kawai ya isa. A watan Afrilun 2009 kamfanin Wizards of the Coast, mai wannan wasa, ya dakatar da sayar da PDF ɗin littattafansa gaba ɗaya, kuma sai 2013 ya dawo da tsofaffin kasuwa. Wanda ya riga ya sauke nasa ya ajiye bai rasa komai ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. Nan gida ma mun gani: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Manhajar da babu kamfani a bayanta, wa zai duba ka ran da wayarka ta faɗa ruwa ka sayi wata?

Mu kuma 'yan gabashin Sakkwato muna da namu dalilin da Ba'amurke bai san shi ba. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Duk wanda ya yi wannan zama a gida ya san abin da ke cikin memori shi kaɗai ne nasa. Littafin da sai ka shiga asusu, sai an turo maka lambar sirri ta saƙon waya, a irin wannan lokaci da shi da babu duk ɗaya. Kuma wannan bai tsaya kan littafin wasa ba. Haka littafin akawu yake, haka na injiniya, haka labarin soyayyar da 'yan hostel ɗin mata ke biya a WhatsApp.

Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dalilin da Wizards ya bayar a 2009 satar fasaha ce, har kotu ya kai wasu da suka watsa littafinsa. Mu nan fa? Mutum ɗaya ya sayi PDF da safe, kafin la'asar Xender ya kai shi kowane ɗaki, wani ma ya jefa a guruf yana jiran a ce masa Allah Ya saka. Marubuciyar da ta kwana tana taifin a waya ta sayar da kwafi ɗaya, aji guda ya karanta. Gobe idan ta kulle littafinta a manhajar da ba a iya sauke komai, da wane baki za mu yi ƙorafi? Ba za ka nemi a ba ka fayil a hannu ba, alhali hannun naka rariya ne.

Wanda ke son gwada wasan, kada ma ya fara da saye. Wizards ya saki dokokin farko kyauta a PDF tun 2014, a Janairun 2023 kuma ya sanya wani babban kaso na dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato halak ne ka kwafa, ka raba, har ka fassara zuwa Hausa idan ka ambaci masu shi. Ku sauke wannan a lokacin da kuke da data a makaranta, ku buga a shagon hoto-kwafi na bakin get, ku yi zango guda da shi ku gani ko wasan ya karɓe ku. Idan ya kai ga saye, ku duba a shafin ko an rubuta PDF, ku sauke a ranar, kwafi ɗaya a waya, ɗaya a filas.