Hadari Ya Haɗo, A Zare Filogi

Damina ta kankama, shinkafa ta yi kore shar daga Kura zuwa Kadawa da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai yana shayar da gonaki. Yankin nan fili ne shimfiɗaɗɗe, babu duwatsu, babu dogayen benaye. Sau da yawa eriyar da muka ɗaura a kan gora ita ce ta fi komai tsawo a unguwa, aradu kuwa abu mai tsawo ta fi faɗa wa.

Amma ba sai ta faɗo gidanmu take yin ɓarna ba. Idan ta sauka a kan wayar lantarki can nesa, wuta mai ƙarfin gaske kan biyo waya har cikin ɗaki. Kayanmu an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230, wadda aradu ke turowa kuwa ta kai dubbai. Nan take talabijin, dikoda ko wayar da muke bitar tambayoyin JAMB da ita sai ta ƙone.

Da yawanmu kashe makunnin soket kawai muke yi, mu ce shi ke nan. Hakan bai wadatar ba, domin irin wannan wuta tana iya tsallake ɗan ratar da ke cikin makunnin. Sitabilaiza ma aikinta daidaita wutar yau da kullum ne, ba ta iya tare aradu. Maganin shi ne a zare filogi gaba ɗaya, a cire wayar eriya daga bayan talabijin, tun hadari yana nesa.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan muka ga walƙiya, mu ƙirga daƙiƙoƙi har mu ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ce. Idan ba su kai 30 ba, hadarin ya matso, kada mu taɓa waya ko abin da ke jone da bango. Bayan tsawa ta ƙarshe, mu jira minti 30.

Haka ma idan aka ɗauke wuta. Mu zare kayan nan, mu bar ƙwan fitila guda a kunne domin ya sanar da mu dawowarta. In ta dawo, mu duba ko ta tsaya daidai, firji kuma a ba shi minti 5 kafin a jona.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya ƙirga soket ɗin gidansu, ya nuna wa ƙannensa waɗanda ake zarewa. Baba yana gona, Inna tana kicin, mu ne kusa da filogi. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.