Mu Kai Maganar Haihuwa Zauren Majalisa

Duk wanda ya daɗe a aikin koyarwa ya saba ganin malama ta dawo bakin aiki jaririnta bai cika wata uku ba. Ta shimfiɗa masa zane a gindin darbejiya, ta bar ƙanwarta ko wata ɗaliba tana jiransa, tana rubutu a allo hankalinta yana waje. A zangon da ya wuce kuwa mun yi ta'aziyyar wata abokiyar aikinmu da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. An yi ta neman mota cikin dare, kafin a isa babban asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Mun karɓi ƙaddara, amma karɓar ƙaddara bai hana mu tambayar abin da ya rataya a wuyanmu ba.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa rayukansu, kuma kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti. A cikin waɗannan alƙaluma akwai malamanmu, da matan malamanmu, da iyayen yaran da muke koyarwa. Don haka wanda ya ce aikin ƙungiya bai wuce albashi da ƙarin girma ba, sai mu tuna masa cewa mai rai ne ke karɓar albashi.

Abin da muke nema a fili yake: mace ta haihu lafiya, ta samu damar ba da tazara tsakanin haihuwa bisa shawara da mijinta da ma'aikatan lafiya, ta kuma samu lokacin renon abin da ta haifa ba tare da fargabar rasa aikinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida. Dokar Ƙwadago ta ƙasa kuwa mako 12 ta tanada, ma'aikatan tarayya suna samun fiye da haka, mu a nan muna kan wata uku. Ta yaya malamar da ke tafiya makarantar ƙauye tun da sassafe za ta cika wata shida tana shayarwa?

Ba wani sabon abu muka ƙirƙiro ba. Jihar Legas ta bai wa ma'aikatanta mata hutun wata shida tun 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza da aka yi wa haihuwa a 2021. Sai dai mun ga yadda sanarwar da wani shugaba ya yi da kyakkyawar niyya take shuɗewa da zarar ya bar kujera. Abin da aka bayar da baki, da baki ake janye shi. Shi ya sa muke son a rubuta wannan haƙƙi a dokar jiha, a ambaci malaman firamare da sunansu, domin mu da ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya da ƙananan hukumomi mun sha ganin alheri ya tsaya a sakatariyar jiha bai iso gare mu ba.

Za a tambaye mu: wa zai riƙe ajin tsawon wata shida, alhali malamai sun yi ƙaranci? Tambaya ce mai nauyi, kuma mu ne farkon masu ɗanɗana kuɗarta. Amsar ita ce ƙudirin ya zo da tanadin malaman wucin gadi a cikin kasafin kuɗi. Kowace ƙaramar hukuma tana da matasa masu shaidar NCE da ke zaune ba aiki. Ko a yanzu ma ajin ba ya samun cikakkiyar malama, tunda rabin hankalinta yana gindin bishiya.

Rubuta doka kaɗai ma bai wadatar ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, bayan ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba. Yau kuɗin yana fita, saura mu bi sawunsa. Shin asibitin mazaɓarmu yana da ungozoma mai kwana? Akwai maganin tsayar da jini? Akwai motar da za ta ɗauki mai naƙuda? Malami ne ya fi kowa iya rubuta amsoshin nan, domin babu mazaɓar da ba ta da makaranta.

To, ta ina za mu fara? Matasan ƙasar nan sun nuna hanya. Da suka nemi a rage shekarun tsayawa takara, sai suka bi 'yan majalisar tarayya da na jihohi ɗaya bayan ɗaya, ba su tambayi jam'iyyar kowa ba, har aka sa wa gyaran hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Mu ma haka ya kamata mu yi. Kowace makaranta ta tattara bayanin malamanta da suka haihu cikin shekara biyun nan da irin wahalar da suka sha, ba tare da bayyana sunaye ba. Reshe ya haɗa su wuri guda, ya nemi goyon bayan ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi, da ƙungiyar iyaye da malamai, da limamai da fastoci da masu unguwanni. Sannan mu je ofishin ɗan majalisar mazaɓarmu da ƙafarmu, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kuma, a iske mu a sahun gaba da takardarmu a hannu.

Sharaɗi ɗaya ne ba za mu sassauta ba: kada wannan tafiya ta ɗauki tutar kowace jam'iyya. Kowannenmu yana da inda yake dangwala ƙuri'arsa, wannan haƙƙinsa ne. Amma ranar da aka ce ƙudirin na jam'iyya kaza ne, rabin majalisa ya juya masa baya ke nan. Mu nemi masu ɗaukar nauyinsa daga ɓangaren masu mulki da na adawa, mu gode wa wanda ya taimaka, mu koma wurin wanda ya ƙi da ladabi da hujja. Naƙuda ba ta tambayar katin jam'iyya.

Kira na musamman ga 'yan'uwanmu maza, waɗanda su ne suka fi yawa a zaurukan taronmu: kada a bar wa malamai mata wannan kaya su kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, kowace makaranta kuma ta turo wakili da bayananta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya yi mana jagora.