Haƙuri daban, sauraro daban

Ɗan kasuwar da ke shiga Jibiya ko Katsina, da ma'aikacin da ke zama taro da baƙi, sukan ji kalmomi ukku na Turancin Ingilishi, su zaci ma'anarsu guda. Ba haka ba ne.

Tolerant, ƴar'uwar tolérant ta Faransanci, daga Latin ta fito, inda tolerare ke nufin jure nauyi. Sanarwar UNESCO ta 16 ga Nuwamba 1995 ta faɗaɗa ma'anar har zuwa girmamawa, amma a bakin jama'a juriya ce kurum.

Broad-minded shi ne wanda al'adar wasu ba ta tada mishi hankali. Open-minded kuwa ya zarce su: yakan saurari hujja, in ta fi tashi ƙarfi ya saki tashi. Kishiyarshi narrow-minded, mai taurin kai.

Sanin bambancin na da amfani. Abokin ciniki ko shugaban biro, in tolerant ne, zai bar mutum ya ƙare magana, amma farashi da umurni suna nan inda suke. In open-minded ne, shi ya cancanci a kwana ana shirya mishi hujja.