Kada a Haɗa Jadawali da Ido

Ɗalibai da dama sukan rubuta tsawon kifi a fayil ɗaya, nauyinsa a wani, sa'an nan su buɗe manhajar rubutu zalla su manna jadawalin biyu gefe da gefe, layi ga layi. A ganina, wajibi ne malamai su hana wannan ɗabi'a.

Manhajar ba ta san kifi ba, matsayin layi kaɗai ta sani. In fayil ɗaya yana da layin take a samansa, ɗayan ba shi da shi, sai tsawon wannan tarwaɗa ya auri nauyin waccan, haka har ƙasa. Jadawalin kuwa zai fito tsaf, ba alamar ciwo.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2006 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka buga a mujallar Nature Medicine cewa ƙwayoyin gado za su iya nuna maganin sankarar da zai karɓi majiyyaci. Keith Baggerly da Kevin Coombes suka bi diddigin lissafin, suka tarar, ban da wasu kurakurai, sunayen ƙwayoyin sun goce da layi ɗaya tak. An tsayar da gwajin majiyyata a 2010, aka janye takardar a 2011.

Don haka a ba kowane kifi lamba tun a bakin ruwa, ta fito a fayilolin biyu. A Unix, umarnin paste yana manna layuka yadda suka zo, join kuwa yana haɗa su bisa lambar, muddin an jera fayilolin tukuna.