Kukar Dapaong ta tashi, kaɗanyar ta tafi

Wannan makon na ajiye zancen farashin kashu da waken soya, zancen tsakar gida zan yi.

Bana na tashi ƙara ɗaki biyu a gidana na Kambole saboda auren babban yarona. Magini ya buga turaku ya ja igiya, sai ga ta ta ratsa tsakiyar ɗan lambun Hajiya. Abu uku ta hau kansu: shuwaka, da kuka, da wata 'yar kaɗanya da ta fito da kanta, iyakarta gwiwa.

Shuwaka ba ta ba mu wahala ba. Reshe muka sara muka soka gefen rijiya, kafin wata ya zagayo ta yi toho.

Kukar ce ta hana ni barci. Daga Dapaong Hajiya ta taho da ita a gwangwani lokacin da muka baro arewa, ta kwana da mu a Didawure cikin Sakwade, sannan muka biyo hanyar Camba. Kullum tana sassabe mata kai don ganyen miya, shi ya sa ba ta wuce tsayin mutum ba. Ta ce da ni, "Alhaji, ka taɓa komai, ban da wannan."

Sai na roƙi magini ya ba ni wata guda. Na haƙa rami zagaye da gindinta, kamu biyu daga tushe, na datse saiwoyin gefe da adda mai kaifi, na mayar da ƙasa. Na rage mata rassa. Sabon ramin na fara tanada, can kusurwar yamma, nesa da katanga da masai, don kuka in ta girma ba ta san iyakar maƙwabci ba. Da ruwa ya zauna a ƙarshen Mayu, muka cire ta da la'asar da ƙasarta, muka naɗe da buhu, mu huɗu muka ɗauka. Ruwa kaɗan kaɗan na riƙa ba ta, tunda jikinta tulu ne, in ka cika mata saiwar ruɓewa take. Ta zubar da ganye kaf, Hajiya ta yi kwana biyu ba ta kula ni, daga baya sabon ganye ya ɓullo.

Kaɗanyar kuwa, raina ta na yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, 'yar asalin garin nan, ta leƙo ta ce, "Ɗana, wannan ba ta ƙaura." Na yi dariya a raina. Na yi ta haƙa har ramin ya kai min ƙugu, uwar saiwar tana ta nutsawa kamar igiyar guga. Na gaji na sare. Sati uku ta bushe ƙurmus. Ashe kaɗanya ƙasa take fara ginawa kafin ta nuna kai, wadda ka gani iya gwiwa ta yiwu ta shekara da yawa a wurin. Kuma sai ta kai wajen shekara 15 zuwa 20 kafin ta ba da 'ya'ya. Da na matsar da harsashin taku ɗaya, da tana nan.

Abin da ya ƙara min takaici, na je neman madadinta wajen masu sayar da dashe, sai mangwaro da tik da kashu nake ta gani. Tun 1977 Togo take bikin ranar dasa itace kowane 1 ga Yuni, abu ne mai kyau, amma kashun nan daga Barazil ya fito, dalbejiya daga Indiya. Itatuwan da matanmu ke samun man kaɗe da daddawa a jikinsu mun bar wa daji, daji kuma masu gawayi suna cinye shi.

Tsohuwar ce ta sake ceto ni. Da kaɗe ya fara zuba ta kawo min ƙwallo uku sababbi, ta ce a binne su a ranar, don in sun kwana biyu a ajiye ba sa tsirowa. Na binne su inda za su zauna har abada, bayan sabon ɗakin, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Na gaya wa amarya kada ta watsa ruwan wanki a wurin.